Wata Bakwai da Harshen Aro

Ranar da na gaya wa mahaifiyata an ɗauke ni aiki a Faransa, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta ce wane irin aiki. Na ce koyar da Turanci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Turanci za ka koya wa Turawa? To su da wane baki suke magana?" Tambayarta tana kan hanya. A Hausa duk farar fata Bature ne, harshensa kuma Turanci, saboda haka a kunnenta kamar na ce zan kai tallar nono ruga ne. Na yi mata bayani cewa Faransawa nasu harshen daban, Ingilishi a wurinsu darasi ne da ake shiga a fita, kamar lissafi ko tarihi. Ta ce Allah ya sa albarka, ta koma kan tankaɗenta. A daminar 2022 aka yi wannan.

Faransanci na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, na kuma yi zaman da ake yi a Ƙauyen Faransanci na Badagry kamar sauran ɗaliban fannin. Shirin da ya kai ni can tsoho ne, asalinsa tun 1905, lokacin da Faransa ta fara musayar matasa masu taimaka wa malaman harsuna da maƙwabtanta. Yanzu hukumar France Éducation International da ke Sèvres ke kula da shi. Sharuɗɗan ba su da yawa: daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, awa 12 a mako, albashi kusan Yuro 800 a hannu. Ba cikakken malami ba ne kai, mataimaki ne. Ba ka tsara jarrabawa, ba ka ba da maki. Ana ba ka rabin aji ko ƙasa da haka, ka sa su magana na minti 55, ka mayar wa malamarsu.

An tura ni Amiens, wanda mutanen garin ke kira Amiyan, awa ɗaya da 'yan mintoci daga Paris a jirgin ƙasa idan aka nufi arewa. Gari ne na jan bulo a bakin kogin Somme, da wata majami'a da aka fara ginawa a 1220 wadda ake hango ta daga ko'ina. A nan marubuci Jules Verne ya ƙare rayuwarsa, a nan kuma aka haifi Emmanuel Macron. An ba ni ɗaki a ɓangaren kwanan ɗalibai na makarantar, gado da tebur da taga mai kallon filin wasa. Makonnin farko sun tafi a takardu: tabbatar da biza, buɗe asusun banki, rajistar inshorar lafiya, neman tallafin kuɗin haya. Kowace takarda sai ta nemi 'yar uwarta. Wannan duk baƙo ya sha shi, ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne ranar farko a aji. Malamar ta gabatar da ni da cewa ga wanda Ingilishi harshen ƙasarsu ne. Gaskiya ta faɗa, amma sai na ji gabana ya faɗi. Ingilishi harshen gwamnatinmu ne da jarrabawarmu, amma ba da shi aka yi mini rawar goyo ba, ba da shi nake mafarki ba. Sai da na kai shekara shida na fara jin sa, kuma da bulala ya shiga. Ga shi an tsayar da ni gaban yara ashirin da wani abu a matsayin mai shi. Kunnuwansu sun saba da muryoyin Landan da ke cikin faifan darasi da na Amurka da ke cikin finafinai, nawa kuma Turancin Zariya ne. Na ga wasu sun haɗa gira suna ƙoƙarin kama maganata. Sai tambayoyi suka biyo baya. Ko na san Osimhen, wanda ya taɓa buga wa Lille da ke kusa da su. Ko ina sauraron Burna Boy da Rema. Ko ina jin "Afirkanci". Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu a hankali ya tambayi Boko Haram. Na amsa kowa gwargwadon iyawata, na koma ɗaki na zauna a bakin gado da jin cewa kayan wani na zo sayarwa.

Awa 12 ba ta cika mako. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne sauran awoyin su ne ainihin zaman. A ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacinsu ya zo daidai da na gida, amma ranarsu ba tamu ba ce. Zuwa Disamba sai kusan tara saura kwata gari ke wayewa, kafin biyar na yamma duhu ya rufe. Azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗo cikin lokacin makaranta, suna bin juna kamar ana kora su. Babu kiran salla, sai wayata ta yi ɗan motsi a aljihu. Ranar Laraba da rana yawancin azuzuwa a rufe suke, ranar Lahadi kuma shaguna da yawa ba sa buɗewa, titi ya yi tsit kamar an yi dokar hana fita. Duk bayan mako shida ko bakwai sai hutun mako biyu, ɗalibai su watse, ginin kwanan ya rage daga ni sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe zaure, da ko zazzaɓi ka yi sai mutum goma sun leƙo, na yi kwana uku a jere ban yi magana da ɗan Adam ido da ido ba in ban da mai gidan burodi.

A gidan burodin nan ne na fara sanin matsayina. Ina da digiri a Faransanci, na karanta manyan littattafansu, na rubuta jarrabawa a kansu. Amma matar ta tambaye ni wani abu da sauri, ko a yanka mini burodin ne ko a bar shi, sai kalmomin suka wuce ni kamar guguwa. Layi a bayana, kowa na jira. Na san amsar tana cikin kaina, bakina ne ya ƙi. Na gyaɗa kai kawai, na biya, na fita da zufa a cikin wannan sanyi. Haka ya riƙa faruwa a ɗakin malamai. A kan kofi sukan yi musu kan siyasa da albashi, in na gama shirya jimlata hira ta riga ta koma wani wuri. A gida ana ce mini mai baki, a can suka ɗauke ni mai kunya, marar magana. Mutumin da suka sani ba ni ba ne, wani guntu ne daga cikina, iya wanda Faransancina ya iya ɗauka.

Sun yi mini kirki, wannan dole in faɗa. Sai dai kirkinsu yana da ƙa'idojin da sai da na koya. Gaisuwa kalma ɗaya ce, bonjur, amma wajibi ce. Ka shiga shago ko ka hau bas ba ka faɗe ta ba, ka yi rashin tarbiyya. Kuma sau ɗaya ake yi wa mutum a yini. Ni kuwa sai in tsaya tambayar gida da iyali da gajiya da sanyi, in ga mutum ya tsaya yana tunanin ko akwai wata magana a ƙasa. Gaisuwar kunci da suke yi tsakanin maza da mata na bayyana musu uzurina tun farko, na riƙa ɗora hannu a ƙirji, suka karɓa ba tare da wata magana ba. A kantin makaranta nakan ɗauki kifi ko ƙwai da ganye. Da na roƙa a cire mini darasi daga rana tsakar Juma'a, malamar da ke kula da ni ta gyara jadawalin ba ta tambayi dalili ba. Addini a makarantar gwamnati abu ne da ake bari a bakin ƙofa. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini bayyananniya, ma'aikaci kuma dama ba ya nuna nasa. Kullum da safe nakan ga 'yan mata sun tsaya daf da ƙofa suna zare ɗankwali, suna duba fuskarsu a gilashin waya, da yamma su mayar a daidai wurin. Na ji dalilan Faransawa, na san tarihin doguwar rigimarsu da ikon coci wadda ta haifi dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati. Duk da haka har na baro ƙasar zuciyata ba ta saba da wannan kallo ba.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana yana waya yana cewa, "To, a gaida mutan gida, sai na kira." Na juya kamar an kira sunana. Dattijo ne Badamagare, ya fi shekara talatin a Faransa. Na ce, "Baba, barka da Juma'a." Ya riƙe hannuna bai saki ba har muka fita titi. Tun daga ranar gidansa ya zama gidana. Matarsa takan yi tuwo da garin semolina, da kuka da daddawa da ake sayowa daga unguwar Château Rouge ta Paris. Hausarsa cike take da Faransanci, tawa cike da Ingilishi. Shi ya ce lakwal, ni in ce makaranta ko sukul. Shi ya ce mushe, ni in ce tica. 'Ya'yansa suna jin Hausa amma da Faransanci suke amsawa, abin kuma yana ci masa rai ko da bai cika faɗa ba.

Shi ne ya ba ni labarin sambol. A lakwal ɗinsu ta Damagaram, in aka kama yaro yana Hausa sai a rataya masa wani abu a wuya, ƙashi ko guntun katako. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yana yi, ya miƙa masa. Wanda abin ya kwana a wuyansa shi ke shan hukunci. Ya ce, "Ɗana, abin da ya fi dukan ciwo shi ne yadda aka mai da mu masu laɓe wa juna." Na ce masa mu ma muna da namu, sunansa banakula. Monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi. Na tuna yadda ajinmu kan yi shiru idan malami ya yi tambaya. Da yawanmu mun san amsa, hanyar fito da ita ce aka toshe. Ni da dattijon nan iyaka ta raba mu, Turawan da suka mulke mu daban, amma tabo ɗaya muke ɗauke da shi.

Kafin wannan hira ina yi wa Faransawa kallon sha'awa zalla a kan harshensu, kuma har yanzu akwai abin sha'awar. Yaro yana koyon lissafi da kimiyya da falsafa da harshen da yake faɗa da ƙanensa. Shi ya sa ɗan shekara 15 zai ɗaga hannu ya yi musu da malami, domin ba ya fama da kalma, tunani kawai yake yi. Suna da majalisar kula da harshe tun 1635, suna da dokar 1994 da ta wajabta Faransanci a talla da kwantiragin aiki. A wannan yanki ma, a garin Villers-Cotterêts, Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa hannu a 1539 kan dokar da ta mai da Faransanci harshen shari'a da mulki. Amma wata malama da ta kusa ritaya ta buɗe mini ɗaya gefen. Ta ce kakarta Fikar take yi, harshen wannan yanki na Picardie, amma ba ta yarda ta yi shi da jikokinta ba, domin an koya mata cewa maganar ƙauyawa ce. Sambol ɗin da aka kai Damagaram, an rataya shi a wuyan 'ya'yan Faransa ma, a Bretagne da kudancin ƙasar. Yau Fikar sai a bakin tsofaffi da wasan 'yar tsana da 'yan kalmomi a kasuwar ganye ta ranar Asabar a bakin ruwa. Na fahimci cewa wannan ƙarfi da nake sha'awa an gina shi a kan harsunan da aka rufe wa baki. Ban so mu kwaikwayi wannan ba. Hausa ma babbar bishiya ce da ƙananan harsuna da yawa ke bushewa a inuwarta, daga Bauci zuwa kudancin Kaduna, kuma mu masu ita ba mu cika lura ba.

Duk wannan ya dawo tare da ni cikin aji. Ɗalibaina suna da wata kalma da suke yawan faɗa, "je suis nul", wato ni ba na ja ko kaɗan. Sun taso ana auna su da maki bisa 20 da jan biro, saboda haka gara su yi shiru da su yi kuskure a gaban 'yan uwansu. Da farko na ɗauka taurin kai ne ko raini. Bayan abin da ya same ni a gidan burodi na gane fuskar. Ita ce fuskata a layi, ita ce fuskar ajinmu na firamare. Akwai wata yarinya 'yar shekara 14 da ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba, kullum idonta a kan tebur.

A Janairu na ajiye darasin da na shirya, na ce yau ni zan koya musu harshen uwata. Na rubuta sannu, ina kwana, lafiya lau. Na rubuta ƙ da ɗ da ɓ a allo na ce su gwada. Aji ya kaure. Babu gwani, babu na baya, har malamarsu da ta zauna a ƙarshen aji ta kasa fitar da ƙ. Na nuna musu bambancin kafa da ƙafa, na ce su ma ga abin da ke faruwa idan suka haɗiye harafin h na Ingilishi. Na gaya musu cewa mu Hausawa p da f kan rikice mana, kuma hakan bai hana mu zama likitoci da alƙalai da Ingilishi ba. Sai tambayoyi suka ɓarke, kuma da Ingilishi, domin sharaɗina ke nan: mutum nawa ke jin wannan harshe, me ya sa gaisuwarku take da tsawo, yaya ake cewa ina son ki. Yarinyar nan ta ɗago kai ta ce a gidansu Kabilanci ake yi, wani harshe na mutanen Aljeriya, kuma su ma suna da sautin da Faransawa ba sa iyawa. Jimla uku ta yi, da kurakurai a ciki, ban gyara ko ɗaya ba. Na roƙe ta ta koya mana gaisuwarsu. Daga wannan rana na daina jin cewa kayan wani nake sayarwa. Abin da nake da shi wanda faifan Landan ba shi da shi, shi ne na san yadda ake shiga Ingilishi daga waje, domin ta wannan ƙofa na shigo.

Sauran watannin sun zo da hayaniya. Daga 19 ga Janairun 2023 ƙasar ta shiga yajin aiki da zanga-zanga kan shirin ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Malamai sukan tafi maci, jiragen ƙasa su tsaya, wani lokaci ɗalibai su tare ƙofar makaranta da kwandunan shara. A daidai lokacin gida na fama da ƙarancin takardun Naira da zaɓen 25 ga Fabrairu. Da dare in kira gida in ji ƙanena ya wuni a layin banki, da safe in shiga aji in yi wasan kalmomi. 'Yan uwa da yawa suna lissafa albashina da Naira, ba sa lissafa kuɗin rigar sanyi da tikitin jirgi. Nakan aika abin da ya samu. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, bayan kwana uku aka tura agogo gaba, shan ruwa ya koma bayan takwas na dare. Wasu ɗalibai da suka lura ba na zuwa kanti suka fara yi mini murmushin da na gane ma'anarsa. Darasina na ƙarshe ya faɗo tsakiyar Afrilu, kafin hutun bazara. Suka ba ni kati, a samansa an rubuta "Na gode" da ƙaton rubutu, sun nemo a intanet da kansu. Na yi Salla ranar 21 ga wata a gidan dattijona, ya raka ni tasha, ya ba ni saƙon turare in kai wa ƙanwarsa ta hannun direbobin Kano zuwa Damagaram.

Da na dawo Inna ta tambaye ni ko Turawan sun iya. Na ce sun fara. Ta ce na rame, kuma na koyi cin abinci da sauri.

Yanzu ina koyar da Ingilishi da Faransanci a wata sakandare mai zaman kanta. Ina can aka sanar, a ƙarshen Nuwamban 2022, cewa gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, na yi murna har na kai wa dattijona labari. Da na dawo ban tarar da alamar haka a azuzuwan da na shiga ba. A bangon makarantarmu har yau akwai rubutun da ya hana banakula. A ajina na daina rubuta sunan kowa. Idan na yi tambaya na ga yaro ya sunkuyar da kai, nakan ce ya faɗa da Hausa tukuna, sai mu taru mu ɗauke ta zuwa Ingilishi tare. Na koyi jira. Dā daƙiƙa uku ke isata in wuce ga wani, yanzu nakan bar shirun ya yi tsawo har amsar ta sami hanya.

Ba kowa ke jin daɗin wannan ba. Kwanan baya wani uba ya zo har makaranta, ɗan kasuwa ne da bai yi boko mai zurfi ba, 'yarsa tana aji biyu na babbar sakandare. Muka gaisa, ya zauna, ya ce, "Malam, Hausa ko a gida tana ji. Turanci na kawo ta ta koya, shi nake biya wa kuɗi." Ban ga laifinsa ba. Ya san cewa in ba ta ci Ingilishi a WAEC ba babu jami'ar da za ta ɗauke ta, ya kuma san ƙofofin da aka rufe masa shi kansa saboda rashin harshen. Na ce, "Alhaji, burinmu ɗaya da kai." Na ɗauko littafin rubutunta na nuna masa shafin farkon zango, layi huɗu da ta kwafa daga allo, na kuma nuna masa na makon jiya, shafi guda cur da ta rubuta da kanta a kan kakarta, da jan biro kaɗan a gefe. Ya juya shafukan a hankali duk da ba duka yake karantawa ba. Ya ce zai jira ya ga sakamakon ƙarshen zango. Na ce ya yi daidai. Na raka shi har bakin ƙofa, muka wuce ta gaban rubutun nan na bango, aka kaɗa ƙararrawa, na koma aji.